Matar da Ke Koya wa 'Yan Kwikwiyo Mantawa da Ita

'Yan kwikwiyo bakwai sun bi garken ƙauyen Ak-Tuyuk zuwa makiyayar saman dutse ranar Asabar da ta wuce, kuma babu ko ɗaya da ya waiwayi matar da ta raine su. Abin da ake nema ke nan. Matar, Burulkan, ta tsaya a bakin katangar gidanta har ƙurar garken ta kwanta, sannan ta ce wa maƙwabciyarta Toktokan, "Ko jela ba su kaɗa mini ba, 'yan banza." Toktokan ta ce ai nasarar ke nan. Burulkan ta ce ta sani, ba sai an gaya mata ba.

Shekararta sittin da uku. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birnin Bishkek. Tun tana da ƙuruciyarta ita ke renon duk karen da zai yi gadin tumakin wannan ƙauye na gundumar At-Bashi, inda kowane gida ke haɗa dabbobinsa a garke ɗaya idan ciyawa ta fito. Bana ne renonta na ƙarshe, domin gwiwoyinta sun daina yarda da durƙuso.

Aikin yana da doka guda. Karen garke na tumaki ne, ba na mutum ba. Idan ya shaƙu da mai renonsa, ranar da kewa ta kama shi zai bar tumaki ya gangaro gida, kyarkeci kuwa abin da yake jira ke nan. Shi ya sa mai reno ba ta raɗa musu suna, ba ta rungumar su, ba ta barin su taka ƙofar ɗaki. A ɗakin tumaki suke buɗe ido, warin ulu suke fara sani. Ta ciyar da su, ta share ƙazantarsu, ta yi jinyarsu, sannan ta tabbatar ba su san ita ce ta yi ba.

A sauran shekaru uwarsu ce ke ɗaukar rabin wahalar. Bana wata cuta ta bi karnukan ƙauyen cikin sanyi, ta bar biyu kacal: tsohon kare Aktosh, wanda haƙoransa suka fara zubewa, da wata karya mai ciki. Karyar ta haihu ana tsakiyar ƙanƙara, ta mutu tun idon 'ya'yan bai buɗe ba.

Burulkan ta kwashe su a zanen gabanta ta kai ɗakin 'yan tumaki. Ta shimfiɗa tsohon bargon ulu a cikin kwami, ta gasa duwatsu a murhu ta naɗe su da tsumma ta jera a gefe. Ta yanke yatsan safar hannu ta roba, ta huda shi da allura, ta ɗaura a bakin kwalba. Nonon akuya take ɗumamawa da ɗan man shanu. Kafin na bakwai ya ƙoshi, na farko ya sake jin yunwa. Bayan kowace shayarwa sai ta shafa cikin kowannensu da tsumma mai ɗumi, yadda uwa ke yi da harshe, don in ba haka ba ba za su yi fitsari ko kashi ba. Sai wankin tsummokara a ruwan da sai an fasa ƙanƙara ake ɗibarsa, sai canza duwatsun da suka huce. Tana da riga ta musamman da take ratayewa a ƙofar ɗakin tumakin. Kowace salla sai ta tuɓe ta, ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga gida, ta idar, ta dawo ta sake sakawa. Barci kuwa a zaune take yin sa, guntu-guntu. Toktokan ta ce ta taɓa tarar da ita da hantsi ta jingina da bango tana minshari, kwalba a hannu, kwikwiyo yana tsotso.

Makiyayin garken, Sagimbek, ƙanin mijinta ne. Kamar kowace matar da aka kawo gidan, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Dogo take ce masa, shi kuma Jenge, wato matar wa. Yakan leƙo da safe bayan ya sha shayinsa.

"Jenge, an ce kin sake haihuwa. Bakwai rigis! Ina kwana mai jego?"

"Barkar ka zo hannu rabbana? Ɗauki shebur, Dogo, ka kwashe kashin 'ya'yanka."

"Nawa? Ai sai sun yi haƙori za su zama nawa."

"Na sani. Haka kuke yi da kowane ɗa."

Ya yi dariya ya tafi, shebur na nan jingine inda yake.

Shayar da su da hannu yana da hatsarin da kowa ya gani: hannunta za su ɗauka uwa. Sai ta nemo mafita. Akwai wata baƙar akuya mai karyayyen ƙaho, wadda ke jan gaba idan garke ya tashi, ɗanta ya mutu nononta ya cika. Burulkan ta kayar da ita, ta danne ta da gwiwa, ta jera 'yan kwikwiyon a cikinta. Akuyar ta yi harbi, ta yi tunkuyi, ta bar mata shati a haƙarƙari wanda har yau take dafawa in za ta miƙe. Haka suka yi ta kokawa safe da yamma, har wata rana akuyar ta kwanta da kanta.

Dabarar ta ci, kuma daga nan ne ran Burulkan ya fara ɓaci. Takan shigo da kunun sha'ir ɗin da ta dama, su lashe kwanon tas, su juya su faɗa jikin akuya suna wasa. Wani ya ɗauki hoton abin a waya. Kafin mako ya zagayo mutanen ƙauyukan kusa sun fara zuwa kallo. Wani dattijo ya tsaya ya daɗe yana girgiza kai, ya ce, "Ikon Allah. Dubi tausayi a wurin dabba."

"Tausayi?" in ji Burulkan. "Dattijo, ka tambaye ta haƙarƙarin wa ta karya kafin tausayin ya sauko mata."

Ranar ce 'yarta ta bugo waya daga Bishkek. Gaisuwa ɗaya ta yi, ta ce, "Apa, yaya akuyar nan? Duk ofishinmu sun gan ta."

"Lafiyarta ƙalau. In kin gama gaishe ta, uwarki ma tana da rai."

Cikin bakwai ɗin akwai wata 'yar ƙarama, mace, mai launin toka, wadda ba ta da ƙarfin kama nonon akuya. 'Yan'uwanta sukan ture ta gefe ta yi sanyi ƙalau. Ko a bar ta ta mutu, ko a karya doka. Burulkan ta saka ta cikin rigarta, a jikin fatarta, tana ɗiga mata nono da yatsa, tana yawo da ita wajen ɗiban ruwa da hura wuta. Ta rayu. Da ƙafafunta suka yi ƙwari sai ta gano wata kafa a ƙasan ƙofa, kullum da safe a same ta a bakin ɗakin Burulkan, ta naɗe a kan takalman robarta.

Da Sagimbek ya ga haka bai yi wasa ba.

"Jenge, wannan ba za ta zauna a sama ba."

"Za ta zauna."

"In ta gangaro ba ita kaɗai za ta gangaro ba, sauran za su bi ta. Aktosh kuwa wannan ne hawansa na ƙarshe. In ba su koyi gadi a wurinsa bana ba, baɗi wa zai koya musu? Ni zan yi haushin?"

"Da ka iya da an huta."

"Tumakin gari ne, Jenge. Har da na Toktokan guda takwas, su ke nan gare ta."

Washegari ta sauke rigar nan daga ƙofar ɗakin tumaki, ta miƙa masa kwanon kunu, ta ce daga yau shi zai ba su, ita ba za ta ƙara shiga ba. Shida sun karɓi sauyin ba gardama. Ta bakwai ta ci gaba da zuwa.

Abin da ya biyo baya Toktokan ta gani ta kan katanga. Burulkan ta ɗebo ruwan rafi a bokiti, ta buɗe ƙofa. 'Yar kwikwiyon ta taso tana kaɗa jela, tana rarrafe da ciki. Burulkan ta sheƙa mata ruwan ta daka mata tsawa. Ta ja da baya tana rawar sanyi, ta tsaya tana kallonta, ta sake matsowa. Aka sake sheƙa mata. Haka aka yi safiya bayan safiya. Sagimbek yana tsugune a ƙofar ɗakin tumaki da guntun kitse a hannu, kamar yadda ita Burulkan ta umarce shi. Ranar da 'yar kwikwiyon ta haƙura, gudu ta yi ta faɗa tsakanin ƙafafunsa. Ya buɗe rigarsa ya rufe ta, yana goge mata jiki yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. A nan ya raɗa mata suna Kumush.

Burulkan tana tsaye da bokiti tana ji. Ta ce sunan bai dace da ita ba. Toktokan ta tambaye ta to wanne ya dace. Ta ce sa suna ba aikinta ba ne, ta shige ɗaki. Ranar ba a ga hayaƙi a bututun gidanta ba sai la'asar.

Daga nan, in ta ratsa tsakar gida Kumush sai ta kauce ta laɓe bayan Sagimbek. Shi kuma ba ya iya ɓoye jin daɗinsa. Yakan yi fito sau ɗaya su taso su bakwai suna tsalle a jikinsa, ya ɗago kai ya ce, "Kin gani, Jenge? Jini ne. Dabba ta san mutumin kirki."

"Ta san mai kitse dai."

Ranar Juma'a, jajiberin tashin garke, aka yanka tunkiya aka yi addu'ar hanya. Babban dattijon ƙauye ya yaba wa Sagimbek, ya ce a shekarar da karnuka suka ƙare ya fitar wa gari da bakwai. Aka ɗaura wa akuya sabuwar ƙararrawa da jan ƙyalle, aka yi tafi. A ƙarshe dattijon ya gode wa duk wanda ya taimaka. Burulkan tana bakin tukunyar shayi tana zuba wa baƙi. Ta sunkuya ta ce wa Toktokan, "Kin ji sunana? Ni ce Duk-wanda."

Tunda ba a faɗa a can ba, bari a faɗa a nan. Burulkan, ke ce kika fasa ƙanƙara kika wanke tsumma. Ke ce kika danne akuya har ta zama uwa, kika tsaya kina kallo ana yaba mata. Ke ce kika ɗumama rai a ƙirjinki, kika kore shi da hannunki don tumakin maƙwabciyarki su kwana lafiya. Uwar masu gadi, wadda 'ya'yanta ba su san ta ba. Ba za mu ce ba ki ji haushi ba. Kin ji, kin kuma faɗa, duk wanda ya bi ta ƙofar gidanki ya sha ji. Amma ko sau ɗaya ba ki bi bayan ɗakin tumaki da guntun kitse kin sayo zuciyarsu ba, alhali babu mai ganinki. Duk karen da ya taɓa tsayawa tsakanin kyarkeci da garken Ak-Tuyuk a zamaninmu ta hannunki ya bi. Mun gode. Matan da ke da sauran gwiwa su je su koya tun tana iya nunawa, domin kawo yanzu babu wadda ta ce za ta karɓi aikin. Maza kuma, in an zo godiya, su koyi kiran suna.

Da safiyar Asabar, Sagimbek yana ɗaure kaya a kan doki, ta zo ta tsaya kusa da shi. A duk shekarun nan ba ta taɓa roƙon kare ba.

"Dogo, in kun sauko da kaka, mai tokar nan tawa ce. Na gama aiki, gidan kuma ba kowa."

"Kumush? Ai ta fi su kunne, ita ce za ta gaji Aktosh. Kuma ke kika kore ta, Jenge."

"Ni na kore ta, ni nake nema."

"In ta gan ki gudu za ta yi."

"To ta gudu a gidana."

Ya ja igiyar sirdi ya ƙara tamkewa, bai dube ta ba. Ya ce karnukan garke na gari ne, ba shi da ikon bayarwa, sai abin da dattawa suka yanke. Ya hau doki ya yi fito. Akuya ta wuce gaba, tumaki suka bi, 'yan kwikwiyon suna tsakiya, Kumush tana gefen ƙafar dokin.

An kai maganar wurin dattawa ranar Lahadi. Biyu sun ce haƙƙinta ne, biyu sun ce gari ba shi da karen kyauta bana, babbansu ya ce a bari garke ya sauko a ga nawa suka rayu. Garken zai sauko kafin ƙanƙarar farko ta rufe hanyar dutse. Har zuwa yau dattawan ba su sake zama ba.