Ni Na Koya Masa Sifaniyancin Da Ya Ƙwace Mini Aiki Da Shi

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ina ɗalibin digiri na uku a Manchester, ina zaune a wani ɗan flat a Whalley Range, bincikena a kan famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wata farfesa a Sifen ta ga wani ɓangare na aikina, ta ce akwai gurbi ɗaya a lab ɗinta, amma sai mai ɗan jin yarensu. Bizata ta kusa ƙarewa, don haka na duƙufa koyon Sifaniyanci.

Ina da aboki a Birmingham, a Perry Barr yake zaune, fanninmu ɗaya, kuma gidajen iyayenmu a gida katanga ce ta raba su. Da na ba shi labari sai ya ce shi ma yana sha'awar yaren, don nishaɗi kawai. Duk ƙarshen mako ya hau jirgin ƙasa ya zo, in dafa mana shinkafa da wake, mu zauna. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne kalmomin aikatau marasa bin ƙa'ida idan ana maganar abin da ya wuce. Ni na nuna masa yadda tener ke komawa tuve, da yadda fui ke nufin na je, yake kuma nufin na kasance. Da muka fara gwajin interview, sai ya ce in buɗe masa sakamakon bincikena don ya iya yi mini tambayoyi kamar farfesar. Na buɗe masa komai. Wata rana yana bayanin famfona da Sifaniyanci ya ce hice, wato na yi. Na gyara masa, na ce tunda ni yake nufi, hizo zai ce, wato ya yi. Ya yi dariya ya ce hice ta fi zama a harshensa. Ni ma na yi dariya.

Kafin ranar interview ɗina farfesar ta sanar da ni cewa ta ba wani ɗan ƙasarmu gurbin, kuma ta yi mamakin yadda aikina ya yi kama da nasa. Ashe ni ake zargi da satar aikin. Na je Perry Barr na sami abokin nawa yana haɗa kayan tafiya Sifen. Ko kunya bai ji ba, ya ce rabo ne, shi ma yana da iyali, kuma ai ban buga aikin a ko'ina ba tukuna. Na kira mahaifina na gaya masa, ya ce in bar wa Allah, kada in ɓata zumuncin shekaru saboda aiki. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Na bari, amma har yau ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

'Yan'uwana ɗalibai, a ƙasar nan kewar gida na sa mutum ya ɗauki duk mai jin Hausa ɗan'uwa. Ku taimaki juna, ku ci abinci tare, amma aikin da ba ku buga da sunanku ba kada ku buɗe wa kowa, ko da nono ɗaya kuka sha. Shi yana can ana kiransa dakta a kan famfona, ni ina nan ina jiran a sabunta mini biza.