Takardar Tsire da Cinyar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Bakura, nakan dawo gida Mafara duk sa'ad da aka yi hutu. Gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni, kuma ni kaɗai ne na fito bare a cikinsu. Ganin jini yana sa ni jiri, ƙarnin tumbi yana tayar mini da zuciya. Aikin da kawai aka yarda na iya a rumfar mahaifina shi ne yayyaga takardun naɗe tsire, shi ɗin ma ba na yin sa da kyau, domin kowace takarda na ɗauka sai na tsaya karantawa, mai saye yana tsaye yana haɗiyar yawu.

A cikin irin takardun nan ne na taɓa tsintar wasu shafuka na wani tsohon littafin Turanci. Labarin wani shugaban ƙasar Amurka ne na can ƙarni na sha tara. Sunansa ma ban gani ba a lokacin, mai da yaji sun riga sun cinye saman shafin. Wani mutum ne da ya sa wa ransa cewa shi ya taimaka aka ci zaɓe, don haka dole a ba shi muƙami a ƙasar waje. Da aka hana shi, sai ya sayi bindiga, wai har ya zaɓi mai kyan ƙota don ta yi kyan gani idan an ajiye ta a gidan tarihi. Ya bi shugaban tashar jirgin ƙasa ya harbe shi a baya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, harsashin bai kashe shi nan take ba. Likitoci ne suka yi ta zuwa, kowa ya tura yatsa cikin raunin yana laluben harsashi, babu mai wanke hannu. Ciwo ya ruɓe, shugaban ya yi fiye da wata biyu a kwance yana ƙarewa kafin ya cika. A kotu ma maharbin cewa ya yi shi dai harbi ya yi, likitoci ne suka yi kisan. Bai hana a rataye shi ba.

Na ba kowa labarin nan a gidanmu har suka gaji da ni. Baffana, ƙanin mahaifina, da ya hango ni sai ya ce, "Ga mai shugaban ƙasa nan tahe, ku ɓoye takardu."

Wata Talata, ranar kasuwa, da hantsi, ina rumfa sai na ji ihu daga mayanka. An kawo wani bajimin sa daga wajen Maradun, ana ƙoƙarin kayar da shi igiya ta kuɓuce, ya juyo ya soki mahaifina a cinya. Ko da na isa an kwantar da shi a kan buhu, an ɗaure cinyar da rawani, jini ya ɗan lafa. Mahauta sun kewaye shi. Wani ya duba kan san ya ga tsinin ƙahon dama a guntule, nan take aka yanke hukunci cewa guntun ya karye a cikin nama.

Baffana shi ne gwanin irin wannan a cikin dangi. Yana da maganin gado da ake cusawa a rauni, kuma a wurinmu abin kunya ne a ce an kwashi ɗan fawa zuwa asibiti saboda ƙaho. Ya taso daga inda yake wanke hanji, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya durƙusa. Na ga bayan farcensa, kore shar da abin cikin tumbi. Ya miƙe yatsa biyu zai tura.

Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba.

"Kai, mi ag haka?" ya ce. "Sakam min hannu."

Na ce, "Baffa, ka yi mini haƙuri, amma yatsan nan ba zai shiga ba."

"Wanga yaro ka san abin da kake yi kuwa? Tun ba a haihe ka ba nike hidda ƙaho ga jikin mutane."

"Na sani, Baffa. A kai shi asibiti."

Ya ɗauke ni da mari da ɗayan hannun, mai ƙarnin ma. Kunnena ya yi ɗif. Ga jinin mahaifina ya jiƙa mini gwiwa, ga jiri yana ɗibata. Tsoro nake ji sosai, tsoron baffa da tsoron kada in sume a gaban mahauta in zama abin labari har jikoki. Amma na riga na ƙudurta a raina cewa ko za a karya ni ba zan saki ba. Na kwanta rabin jikina a kan ƙafar mahaifina, na ce, "Ka ƙara wani, Baffa. Sai dai ka fara huda ni."

Dattawa suka hau ni da faɗa. Wani ya ce boko ya lalata ni, wani ya ce a janye ni kawai. Baffa ya ce, "Wallahi labarin Baturen nan nashi na. Shi yas shiga kanshi!" Wasu har suka yi dariya.

Duk wannan abin idon mahaifina a rufe yake. Can sai ya buɗe ya kira sunana a hankali.

"Shi sarkin nan naka, kwana nawa yay yi kwance?"

"Ya fi wata biyu, Baba."

"Ana juya shi? Ana kwashe mishi?"

"Ana yi, Baba. Yana ji yana gani jikinsa yana ruɓewa."

Mahaifina ba ya tsoron mutuwa, wannan kowa ya shaida. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne ya kwanta a riƙa ɗaga shi ana ajiyewa. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Bar shi. Ku nemo mota mu tahi."

A asibiti aka wanke raunin, aka duba shi ciki da waje. Babu guntun ƙaho ko ɗaya. Daga baya Bafulatanin da ya sayar da san ya ce ai ƙahon nan tun san yana ɗan maraƙi ya guntule a wajen karo. Wato da an bar baffa, da ya yi ta lalube a cikin cinyar ɗan'uwansa yana neman abin da babu shi. An ɗinke, an yi allurai, bayan 'yan makonni mahaifina ya koma rumfa yana ɗan ɗingishi.

Baffa ya yi kusan wata uku ba ya amsa gaisuwata. Ni kuwa kullum sai na je na durƙusa na gaishe shi har ƙasa, tun daga kwana har gajiya har iyali, yana kallon gefe. Ranar da ya sauko, na tarar da shi bakin randa yana wanke hannu da sabulu zai duba yankan wuƙa a hannun wani mahauci. Ya ɗago ya harare ni ya ce, "To mi kake kallo? Ba don kai ba na."

Idan na tuna abin nan yanzu, ba jarumtata nake gani ba, don ni na san irin tsoron da na ji. Abin da na gane shi ne, mutanen da suka kashe shugaban nan da yatsunsu ba maƙiyansa ba ne, masu son ya tashi ne, kamar yadda baffa yake son ɗan'uwansa. Tsayawa a gaban mai ƙaunarka ka ce masa a'a ya fi tsayawa a gaban maƙiyi wuya, kuma har yau ina jin zafin marin nan ba tare da na riƙe shi a zuciya ba.

Mahaifina bai taɓa ce mini na gode ba, ba halinsa ba ne. Amma tun daga lokacin, duk ranar da aka sayo damin takardu, ba a yaga ko ɗaya sai an ajiye mini na zo na duba. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, da ƙafafunsa biyu yake zuwa masallaci har ƙarshe. Bayan rasuwarsa, da muka buɗe akwatinsa, a ƙarƙashin rigunan sallarsa muka sami shafukan labarin shugaban nan guda uku, a ninke cikin leda, da tabon mai da yajinsu. Mutumin da bai iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba.