Injiniya Abdulbaƙi da Bishiyar Iya Kubura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Abdulbaƙi Yahuza a gidansa da ke Yalwawa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. An yi jana'izarsa da La'asar. Ni Muntaka, mai ɗaukar hoton marasa lafiya a cibiyar da ya yi wa aiki, ina cikin waɗanda suka kama makara.

Injiniya, kai ne mai kula da kwamfutocinmu, amma ban taɓa ganin ka shigo ka nufi na'ura kai tsaye ba. Sai ka gaisa da mai gadi, ka tambayi masu jira ya jiki, sannan ka zauna. Idan muka ce maka netwok ne ya lalace, ka kan yi murmushi ka ce, “Netwok ɗin nan maraya ne, kowa ya yi ɓarna sai ya ɗora masa.”

Abin da ba zan manta ba shi ne daminar bara. Injin hotonmu yana reshen Limawa, babbar kwamfutar da ke ajiye hotuna kuwa, wadda kuke kira sabar, tana ofishin Yalwawa. Daga cikinta ne Dakta Chundung, likitar da ke duba mana hotuna daga Kano, take buɗe su ta rubuto mana sakamako. Hoton ƙwaƙwalwa fayil ne mai nauyi, amma da rani kafin in gama shan shayi ya isa. Damina na sauka sai ya koma tafiyar hawainiya. In tura da safe, har Azahar bai kai rabi ba, wani lokacin ya katse a sake daga farko.

Mutane kuwa suna zaune a benci. Wasu daga Kiyawa suke zuwa da marar lafiya a Keke Napep, su wuni, mu ce su dawo gobe. Ni nake fita in faɗa musu, kuma na san akwai ciwon da ba ya jiran gobe. Ban taɓa jin nauyin aikina kamar a kwanakin nan ba.

Da aka kira ka, ba ka yi gaggawar canza komai ba. Ka gwada injin hoton da sabar ɗaya bayan ɗaya, ka samu lafiyarsu ƙalau. Ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka tura ƙaramin fayil, ka tura babba, kana duban inda suke tsayawa. Mu duk mun riga mun yanke hukunci cewa ruwan sama ne. Ka ce in ruwa ne, me ya sa ranar da gari ya yi wasai ma ba ya tafiya? Sai ka ja ni muka hau rufi, wurin eriyar da ke haɗa mu da Yalwawa.

“Malam Muntaka, lokacin da aka kafa wannan, me kake hangowa daga nan?”

Na ce tankin ruwan ofishinmu na Yalwawa.

“Yanzu fa?”

Na duba, babu tanki. Bishiyar kukar gidan Iya Kubura ce ta cika wurin, kore shar. Ashe da rani aka kafa eriyar, lokacin da kukar ba ta da ganye ko ɗaya, saƙo yana ratsa tsakanin rassanta. Da ta yi tofo sai ta tare hanya. Kowa a garin nan ya san kuka tana zubar da ganye da rani, amma babu wanda ya tuna da haka ranar kafawa.

Nan take aka kawo shawarar a roƙi tsohuwar a sare rassan. Ka je ka durƙusa ka gaishe ta, ka dawo ka ce ba za a taɓa ba. Bishiyar ta girmi unguwar, kuma daga ita gidan ke miya shekara da shekaru. Ka ce, “Ita muka tarar. Mu da muka zo daga baya mu ne za mu matsa.” Da kanka ka tsaya a wurin mai walda aka ƙara wa eriyar tsawo, ka hau ka saita ta. Kafin la'asar hoton wata baiwar Allah da ta faɗo daga babur ya isa Kano, Dakta Chundung ta bugo waya ta ce a wuce da ita tiyata a ranar. Tana nan da ranta.

A daminar bana ka zo mana da ciwon kai da ya ƙi jin magani. Ni na kwantar da kai a kan injin, ni na tura hoton. Ka zauna kusa da ni kana kallon kwamfutar, ganye ya cika kukar kamar bara, fayil ɗin kuwa ya wuce babu tangarɗa. Ka ce, “Alhamdu lillahi, hanya tana nan.” Ba mu tashi daga wurin ba wayar Dakta Chundung ta shigo, na ji muryarta ta canza. Wallahi ranar na so a ce hoton ya maƙale a hanya. Kai kuwa ka dafa kafaɗata ka ce gara mutum ya sani da wuri, ya samu ya shirya.

Ranar sadakar uku na ga Iya Kubura ta shigo gidanka tana dogara sanda, da ƙullin garin kuka sabon daka. Ta ajiye a gaban mai ɗakinka ta ce, “Na bana ne. Rabonsa ne, ku yi wa yara miya.”

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Zaituna, da 'ya'yanka Munira da Abdurrahim, da 'yan'uwa da abokan aiki baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa jira, Allah Ya sauƙaƙa maka tsayuwar ranar hisabi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.