Hambali Mai Gyaran Inji da Waƙar Wuta

Hambali ɗan gidan malamai ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, amma karatu bai zauna masa ba. Abin da ya iya shi ne gyaran injin ban-ruwa, sai kuma wata doguwar waƙar wa'azi da ya ɗauka a bakin kakarsa tun yana ƙarami. Ita ma kakar gado ta yi. Ba wanda ya san malamin da ya tsara waƙar, an dai ce ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Wuta take bi ƙofa ƙofa, tana faɗin kowane mai laifi da irin azabar da aka tanadar masa.

Rumfarsa tana bakin kanal. Da zarar ya kama sifana sai bakinsa ya kama waƙar, ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. Shekara da shekaru ba wanda ya damu, sai ranar da wani manomin tumatir mai suna Sunusi ya kawo injinsa.

Sunusi yana zaune a kan benci, Hambali ya shiga baitin mai cin iyakar gona, wanda za a rataya masa ƙasar da ya ci a wuya, ya yi ta janta cikin garwashi. A wannan ranin kuwa Sunusi ya matsar da iyakar gonarsa kunya ɗaya cikin gonar Sauda, matar ƙanensa da ya rasu. Mutum ɗaya ne ya gan shi, Lukmanu maƙwabcinsa.

"Malam Hambali, da wa kake?" in ji Sunusi.

"Da fulogin nan nake, ya mutu," Hambali ya amsa bai ɗago ba.

Sunusi ya ɗora injinsa a babur ya wuce gonar Lukmanu kai tsaye. "Ashe har rumfar makaniki ka kai ni?" Lukmanu ya rantse bai gaya wa kowa ba, Sunusi bai yarda ba.

Ba a jima ba Musaddiƙ dillali, wanda ake raɗe-raɗin yana jera lafiyayyen tumatir a saman kwando ruɓaɓɓe a ƙasa, ya tsaya shan inuwa a rumfar, ya ji baitin mai algus da za a riƙa auna masa tafasasshen ruwa yana sha. Da Lukmanu ya kai nasa injin kuma, sai ya tarar da baitin annamimi, mai leɓen da ake datsewa da almakashin wuta. Ya fita yana cewa Sunusi ne ya sa a yi masa habaici.

Daga nan kowa ya fara lissafin wanda ya san sirrinsa. Wasu suka ce Umma matar Hambali ce ke kwaso zance a gidajen biki, mata suka daina buɗe baki in ta shigo. Wasu suka ce Hambali yana da masu gaya masa waɗanda ido ba ya gani. Aka kai maganar gaban yayansa, Malam Iliyasu, limamin ƙauyen.

"Hambali, tsakaninka da Allah, zaɓar baitocin nan kake yi?"

"Yaya, inda na tsaya jiya nan nake tashi yau. In mutum ya zo ya tarar da nasa, ni na kira shi?"

Malam Iliyasu ya ce, "To ka bar ta a gida. Rumfa wurin sana'a ce."

Hambali ya bi umarnin yayansa, abin kuma ya ƙara lalacewa. Mutum zai zauna yana jin ƙarar sifana kawai, yana satar kallon bakin da ke rufe, yana tunanin wane baiti ake rera masa a zuci. In Hambali ya yi gyaran murya sai mai inji ya gyara zama. Sannu a hankali manoma suka gwammace su ɗauki injinsu har Kura, duk da sun san ba mai hannunsa a can.

Da rani ya zagayo, ya kwashe kayan aikinsa ya koma bakin titin Kadawa, inda yawancin masu tsayawa baƙi ne da direbobin motocin tumatir. Can ya ci gaba da waƙarsa, wasu ma har su ce ya ɗaga murya. A ƙauye kuwa, an wayi gari iyakar gonar Sauda ta koma inda take, ba wanda ya ce shi ya mayar. Sunusi da Lukmanu har yau sallama ce kaɗai tsakaninsu.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da Hambali, ya rasu kafin a fara cirar tumatir. A zaman makoki Sauda ta matsa kusa da Umma, ta tambaye ta ko da gaske marigayin a jere yake rera waƙar nan.

Umma ta waiwaya ta ga ba mai sauraro, ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ni dai tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin ya rera ta a jere ba."