Ranar da na kira jirgi a oba-oba

Lokacin muna haya a unguwar Nasarawa, maigidana yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ran Lahadi kuwa, idan damina ta cika kogi, shi ke tuƙa wa manyan masaƙar jirginsu mai inji, su tafi kamun kifi na shan iska.

A rumfar da ake ɗaure jiragen akwai oba-oba, wani tsoho mai gadi ke kula da ita, kowa Baba yake ce masa. Maigidana ya sha karanta min dokokinta, ni ban tambaya ba. Ka danna, ka kira jirgi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ce "oba", ka saki. Ba gaisuwa, ba hira. Duk jirgin da ke kan ruwa yana ji, kuma muddin kana riƙe da layi, ko wani na nutsewa ba shi da bakin magana.

Wata Lahadi da hantsi jikin ɗana ya yi zafi, idonsa ya fara juyewa. Ko kuɗin tasi babu a ɗakin. Na goya shi na nufi bakin kogi.

Baba ya kira jirgin, ya miƙo min abin. "Danna nan, 'yata. A taƙaice."

Alhaji ne ya amsa, shugaban maigidana, sa'an mahaifina. Ina zan fara da buƙata?

"Alhaji, ina kwana. Oba."

"Lafiya lau. Ina gajiya? Oba."

"Ba gajiya. Oba."

"Ya yaro? Oba."

Yaron yana bayana kamar garwashi. Na ce, "Lafiya lau. Oba."

Amsar ke nan, ban san wata ba. Kuma ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari gaban manya, ko sunansa ba ta kamawa. Na uban ma ba na faɗa. Ga kogi guda yana saurarona.

Baba ya dafe kai, ya juya baya.

Sai wata murya ta kutso, ta makanikin jiragen, wani Ibo daga Sabon Tasha, yana can a wani jirgin.

"Madam, ka bar gaisuwa! Mace ba ya zuwa rediyo don ina kwana. Wane ne ba lafiya? Oba."

Na danna, na ce, "Yaron wanda yake tuƙa Alhaji. Yana jijjiga. Oba."

"Subhanallahi!" in ji Alhaji. "Muna juyowa. Kowa ya bar layi."

Bai ce oba ba.

A motarsa aka kai mu asibiti a Barnawa. Shi da kansa ya tuƙa, ƙafarsa duk laka, yana faɗa da duk mai keken da ya gitta. Maigidana yana gefensa da rigar ruwa a jiki, ya kasa waiwayowa. Zazzaɓin sauro ne. Aka yi wa yaron allura, aka ba mu gado.

Washegari ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce koko yake so, kuma da sukari.