Mai Gadin Taurari da Rabin Aski

Ina jiran layi a shagon aski, idona na kan wani dattijo da ke kujera. Ya ɓalla maɓallan rigarsa a karkace, yana ta leƙa wayarsa ƙarƙashin ƙyallen aski kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Yana gaya wa mai aski cewa tun yana saurayi yake gadin wani dandazon taurari da na'urar hangen nesa. Tsakiyarsa kan feso haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ana ce masa gamma, amma shekaru ke nan ya yi lamo. Ina jin ba ƙaramin zumunci wannan gadi ya cinye masa ba.

Wayar na yin ƙara, ya zabura, rabin kai fes, rabi daji.

"Ya farka! Bari in sanar da abokan aiki kafin ya lafa!"

"Haba Baba," in ji mai aski, "hasken da ya yi shekaru miliyoyi a hanya, aski ne ba zai jira ba?"

Daga bakin ƙofa, ƙyalle a wuya, ya waiwayo.

"Ɗana, hasken ya riga ya iso, kuma ba ya daɗewa. Kai za ka jira ni. Shi kuwa bai ma san da ni ba."