Kwana Casa'in da Farar Hula

A watan Maris na 1968 Armand Thériault ya fara haɗuwa da Toivo Ranta, a filin gungume na masana'antar takardar garinmu, can arewacin Ontario. Armand, ɗan masu jin Faransanci, yana da shekara goma sha tara, ya baro gonar dankalin ubansa sanye da takalman yayansa. Toivo kuwa shekararsa goma sha biyar a filin. Dogo ne mai kaurin wuya, jikan mutanen Finland, kuma maganarsa ba ta cika wuce kalma biyar ba sai in tsiya zai yi wa mutum. Ran nan farar hular kwano ce a kansa, domin foman yana asibiti, shi ke riƙon ƙwarya.

"Me aka ce sunanka?"

"Armand, yallaɓai."

"Yallaɓai yana asibiti, ni aron hula aka ba ni. Ungo ƙugiya, ɗan Faransi. Kada ka kashe kanka kafin a tashi cin abinci, ba na son cika takardu."

A zamanin nan kowa a filin ya haddace sashen yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da ya yi magana kan riƙon ƙwarya. Wanda aka ɗora masa farar hula, albashin foman zai ci tun daga ranar farko. Amma muddin hular na kansa, hannunsa ba zai taɓa kayan aiki ba, don wannan abincin masu rawayar hula ne. Sannan ba zai wuce kwanakin aiki casa'in a shekara guda yana riƙe da ita ba. In ya ƙara ko kwana ɗaya, a soke sunansa daga jerin daɗewa, kamfani kuma bai zama dole ya tabbatar masa da muƙamin ba. Wannan jeri, da ke manne a allo kusa da ƙofar shiga, shi ne gatan ma'aikaci. Shi ke nuna wanda zai zaɓi hutunsa a lokacin zafi, kuma in aka tashi rage mutane daga ƙasansa ake farawa.

A makonsa na uku, tun bai fita daga lokacin gwaji ba, Armand ya buɗe wa gumagumai hanya kafin sarƙar da ke jan su ta tashi. Itatuwa suka hau kan juna, suka cushe bakin injin ɓare ɓawo, wani gungume ya miƙe tsaye yana shirin faɗo masa. Toivo bai tsaya kiran kowa ba. Ya fizge ƙugiyar daga hannun yaron, ya ture shi gefe, ya kwance cunkoson da kansa. Aiki ya tsaya minti arba'in. Da manaja ya sauko yana tambayar wanda ya buɗe hanya, Toivo ya ce shi ya ba da umarni. Ƙungiya ta kai ƙararsa don ya taɓa ƙugiya, kamfani ya kama shi da laifin tsayar da aiki. Kafin mako ya ƙare an karɓe farar hular, ba a sake miƙa masa ita ba, alhali saura ƙiris a tabbatar masa da muƙamin. Da ya faɗi gaskiya, da ran nan Armand ya koma gonar dankali.

Armand ya je yi masa godiya a ɗakin cin abinci. Toivo ya ɗago kai daga miyarsa ta kifi.

"Hular ta yi mini kaɗan dama. Matsa, ka tare mini haske."

Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen.

Shekaru suka yi ta tafiya. Armand ya auri Colette, mai ɗinkin labule, suka haifi 'ya'ya mata uku, suka sayi ƙaramin gida a bayan cocin Katolika, inda yake waƙa ranar Lahadi da murya mai ƙarfi wadda ba ta cika bin sauran ba. A wurin aiki ya zama mutumin da ake nema duk sanda foman ya tafi hutu. Ya iya raba aiki ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren ƙirga ba. A bangon kicin ɗinsu akwai kalanda, kowace ranar da ya yi da farar hula sai Colette ta ja mata jan layi. Har ba'a ake masa cewa ya fi agogon kamfani sanin lokaci.

A farkon Yuni na 1983 ciwon zuciya ya kwantar da foman, aka kira Armand. A lokacin bayan Toivo ya riga ya lalace. Da safe sai ya dafa motarsa kafin ya iya miƙewa, ƙugiya kuwa da kyar yake ɗaga ta, amma bai faɗa wa kowa ba. Ranar ashirin da ɗaya ga Oktoba zai cika shekara talatin, ya sami cikakken fansho. In likitan kamfani ya duba shi kafin ranar, gida za a tura shi da abin da bai kai rabi ba, ga matarsa Aili da ciwon sukari.

Abu na farko da Armand ya yi da farar hula shi ne ya mai da Toivo ɗakin sikeli, inda ake auna motocin gungume, mutum yana zaune kan kujera yana rubuta nauyi.

"Ni za ka mayar akawu?" in ji Toivo. "Yaushe aka haife ka?"

"Tsoho, direbobin nan sun raina kowa. Mai mugunyar fuska nake nema, na duba filin kaf ban ga wanda ya kai ka ba."

"Yallaɓai ya yi magana," Toivo ya ce, ya yi gaba yana taka ƙasa a hankali.

Foman bai warke ba. Zafi ya wuce, ganye ya soma ja, jan layi ya yi ta ƙaruwa a kalanda. Kwana na casa'in zai faɗo ranar Juma'a, bakwai ga Oktoba, mako biyu cif kafin ranar Toivo. Kamfani ya sanar cewa in Armand ya sauka, wani za a turo daga babban ofis, mutumin da aka sani da tura duk mai ɗingishi wurin likita a makonsa na farko.

Wakiliyar ƙungiya a lokacin Olga Hrycak ce, mai tuƙa injin ɗaga kaya, macen da ba ta rufa wa kowa. Ranar Laraba ta tare shi a bakin allo.

"Armand, ka san ranar da muke ciki?"

"Tamanin da takwas."

"To, alhamdu. Jibi ka ajiye musu hularsu."

"Ba a iya ƙara mini mako biyu?"

"Ana iyawa, in ka rubuta dalili, ni in sa hannu, manaja ya sa hannu. Mene ne dalilin?"

Duk abin da Armand ya rubuta, teburin manaja zai je, daga can kuma sai ɗakin likita. Olga ta bi idonsa da kallo har zuwa tagar ɗakin sikeli, ta daɗe tana duban wurin.

"Shekara goma sha biyar fa, ɗan'uwa," ta ce a hankali. "Ana maganar rage mutane a hunturun nan. Ba ni da ikon rufe ido, Litinin in na gan ka da ita sai na soke ka."

"Ki yi aikinki, Olga. Ni ma nawa zan yi."

Ranar Lahadi bayan coci ya zaunar da Colette a kicin ya gaya mata komai, tun daga gungumen 1968, labarin da bai taɓa ba ta ba. Ta saurara tana yanka burodi.

"Yara uku, ga kuɗin gida," ta ce. "Ka auna?"

"Na auna."

"Shi ya roƙe ka?"

"In ya ji ma, karya ni zai yi."

Ta ajiye wuƙar, ta dubi kalanda, sannan ta buɗe aljihun tebur ta jefa jan alƙalamin ciki. "To, ni dai na gama ja maka layi. Labule kuwa ba a daina saye ba. Ci abincinka."

Da aiki ya dawo Armand ya shigo da farar hula a kansa, ya raba aiki kamar kullum. Kafin azahar Olga ta ja layi a kan sunansa, ta rubuta shi a can ƙasa, bayan wani da bai fi wata huɗu da zuwa ba. Filin ya ɗauka da surutu. Wasu suka ce daɗin albashi ya rufe masa ido, wasu suka ce alkawarin muƙami aka yi masa a ɓoye. Toivo da kansa ya leƙo ta tagar sikeli ya ɗaga murya.

"Kai, ɗan Faransi! Kwaɗayin hula ya sa ka manta ƙirga? Kare ma ya san lokacin da zai saki ƙashi!"

"Koma ka auna motarka, tsoho, layi ya yi tsawo."

Ranar ashirin da ɗaya aka yi wa Toivo walima a ɗakin cin abinci. Aili ta kawo burodin kirfa, abokan aiki suka haɗa masa sandar kamun kifi. Mako guda bayan haka mutumin babban ofis ya iso, aka karɓi hular daga hannun Armand da godiya ta baki. A Janairu aka rage mutum arba'in, sunansa na cikin na farko. Wata goma sha huɗu ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta da safe, da rana yana share wa mutane ƙanƙara a ƙofar gida, Colette kuma tana kan keken ɗinki. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da aka sake kiransa ya koma da rawayar hula, ya fara tara shekaru daga farko, sai da ya kai shekara sittin da biyar a duniya kafin ya huta, bayan sa'o'insa duk sun daɗe da ajiye aiki.

Toivo ya ci fanshonsa shekara goma sha ɗaya. Kowace Asabar ta lokacin zafi Armand kan ɗauke shi a mota su tafi tafki, ya riƙe masa hannu har ya zauna cikin kwalekwale. Kuma da wuya su dawo Toivo bai tayar da tsohon zancen ba.

"Mutum da wayonsa, a ce ya kasa ƙirga casa'in. Me aka koya muku a makarantar cocinku?"

"Waƙa, tsoho," Armand kan ce yana sa masa tsutsa a ƙugiya. "Waƙa kawai aka koya mana."